Kafin ka sauke motarka ta sumbaci kwalta

Akwai wani irin hoto da ya cika intanet a 'yan shekarun nan: motar gudu mai ƙofa biyu, an sauke ta har cikinta na neman shafar ƙasa, tayoyin sun shige cikin bodi, kawunansu sun karkata ciki kamar ƙafar mai gwame. Masu kallo su yi ta yabo, wai motar ta zauna. Na yarda ta zauna. Tambayata ita ce, in ta tashi tafiya fa?

Ni ma na taɓa yin wannan aikin, don haka ba jita-jita nake kawowa ba. Motar gudu ta farko da na mallaka ƙarama ce, inji a gaba, tayoyin baya ke tura ta. Laifinta ɗaya a idona, tana ɗan kwantawa gefe idan na sha kwana da ƙarfi. Sai na sayo gajerun sifirin masu tauri, na sa aka ɗaura su a kan shokobzoban da ta zo da su daga kamfani, ko alaimen, wato saita tsayuwar tayoyi, ban sake yi ba. Makon farko na ji kamar sabuwar mota aka ba ni. Da na taɓa sitiyari sai ta amsa. Ana nan, wata rana bayan an ɗauke ruwan sama, na shiga wata kwana da na saba bi, da gudun da na saba, ashe akwai ɗan tudu a tsakiyarta wanda ban taɓa lura da shi ba saboda tsohon sifirin yana shanye shi. Bayan motar ya yi tsalle, ya sauka a gefe, na tsinci kaina a hannun masu tahowa. Allah ya sa babu kowa. Ba zan ɗora laifin a kan wanda ya ƙera sifirin ɗin ba, ni na haɗa abin da bai dace da juna ba.

Tun daga ranar nake da ra'ayin da nake kai har yanzu. Yawancin masu cewa za su inganta ƙafar motar gudu, tauri da kyan gani suke saye, alhali abin da suke bukata shi ne taya ta kama ƙasa. Kuma tunda a kan titin jama'a za a tuƙa motar, zaɓin ya wuce sha'anin mai mota shi kaɗai.

Abin da makanikai ke kira ƙafar mota, wato sifirin da shokobzoba da hannuwan ƙarfe da bushin (robar da ke mahaɗinsu) da sandar da ke haɗa taya ta dama da ta hagu, babban aikinsa shi ne riƙe taya a manne da titi. Duk ƙarfin inji, duk kaifin birki, ta wuri huɗu kawai suke isa ƙasa, kowane ɗaya bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi, ya lanƙwashe idan taya ta hau tudu, ya miƙe idan ta faɗa rami. Shi kuma shokobzoba, mai ne a cikinsa da ake tilasta wa bi ta wasu ƙananan ƙofofi, shi ke hana sifirin ci gaba da rawa bayan an wuce tudun. Mata da miji ne su biyun. In ka kawo sifirin mai tauri ka haɗa shi da shokobzoban da aka auna don mai laushi, sifirin zai fi ƙarfinsa, motar ta riƙa tsalle-tsalle, shi kuma shokobzoban ya mutu da wuri. Abin da ya same ni ke nan.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗewa. Idan mota ta sha kwana, nauyi yakan bar tayoyin ciki ya koma na waje. Yawan nauyin da ke ƙaura ya dogara ne da nauyin motar, da tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar da ke tsakanin taya ta dama da ta hagu, da ƙarfin da aka sha kwanar. Taurin sifirin ba ya cikin wannan lissafin. Abin da tauri ke canzawa shi ne yawan kwanciyar bodi, da saurin ƙaurar nauyin, da kuma ɓangaren da zai fi ɗaukar kayan, gaba ko baya. Ita kuwa taya tana da wata ɗabi'a: in ka ninka mata nauyi, riƙonta yana ƙaruwa amma bai kai ninki ba. Saboda haka ɓangaren da ka fi ƙara wa tauri shi zai fara sakin ƙasa. Ka taurara gaba, motar ta ƙi juyawa ta zarce miƙe. Ka taurara baya, bayan ya kwashe ya nemi wuce gaba. Direba yana jin motar ta daina kwantawa sai ya ɗauka riƙo ya ƙaru, ya ƙara wuta. Sau da yawa riƙon yana nan yadda yake, gargaɗin ne kawai aka cire.

Za a ce, to ai motocin tsere kamar katako suke don tauri. Gaskiya ne, amma dalilinsu daban. Motar Formula 1 iska ce ke danna ta ƙasa da ƙarfi mai yawan gaske, kuma fukafukanta da ƙasan cikinta ba sa aiki daidai sai tsayinta daga kwalta ya tsaya wuri ɗaya. Don haka ne kamfanin Williams ya yi zarra a 1992 da ƙafar da kwamfuta ke sarrafa tsayinta, direbansu Nigel Mansell ya lashe gasar, aka haramta tsarin daga 1994. A 2022 da aka dawo da dokokin da suka sa motocin neman tafiya dab da ƙasa, duk wanda ya kalli tseren Baku a ƙasar Azerbaijan ya ga yadda direba Lewis Hamilton ya fito daga mota da kyar yana dafe da baya saboda jijjigar da ya sha. Wannan a kan hanyar da aka share aka killace don tsere ke nan, kuma direban ƙwararre ne da ake biya don ya jure. Motarka ba ta da wannan iskar a gudun da doka ta yarda da shi. In kana neman abin koyi daga duniyar tsere, dubi motocin rali da ke gudu a kan tsakuwa da laka. Ƙafarsu doguwa ce, tana da wurin motsi sosai, shokobzobansu kuma na gani na faɗa ne. Titin da muke bi kullum, mai faci da gargada da murfin magudanar ruwa, ya fi kusa da hanyar rali fiye da filin Formula 1.

Kamfanonin da suka san kan aikin sun daɗe da gane haka. Hanyar gwaji ta Nürburgring a Jamus, wadda zagayenta na arewa ya kai kusan kilomita 21, ana kai motoci can ne saboda hawa da gangara da rashin santsinta, motar da ta cika tauri ba ta jin daɗin wurin. Mazda MX-5 da ta fito a 1989, wadda aka ƙera ta miliyan ɗaya a 2016, tana kwantawa a kwana fiye da yadda baƙo zai zata, kuma da gangan ne. Kwanciyar ce ke gaya wa direba cewa ya kusa iyaka. Motocin Lotus, kamfanin da Colin Chapman ya kafa a Ingila, sun yi suna da rashin nauyi da ƙafar da ke bin titi a hankali ba tare da dukan ƙashin baya ba. Mutanen da suka tsara waɗannan motoci sun fi ni da kai sanin inda ake sayar da sifirin mai tauri, suka ƙi.

Sai maganar saukewa, wadda ita ce ta fi jan hankalin matasa. A takarda tana da hujja, domin cibiyar nauyi in ta yi ƙasa, nauyin da ke ƙaura ya ragu. Amma hannuwan ƙafar an ɗaura su ne a wani kusurwa da aka auna don tsayin asali. Motoci da yawa suna amfani da tsarin da ake kira MacPherson a gaba, sunan injiniyan Amurka da ya ƙirƙiro shi, inda shokobzoba da sifirin suke tsaye a matsayin ginshiƙi, hannu ɗaya kuma a ƙasa. In ka sauke irin wannan motar fiye da kima, hannun ƙasan da ya kamata ya kwanta daidai sai ya ɗaga kai wajen taya. Daga nan wurin da bodi ke jujjuyawa a kansa yakan faɗi ƙasa fiye da yadda cibiyar nauyi ta sauka, sai motar ta ƙara son kwantawa, ka koma neman ƙarin tauri don gyara ɓarnar da ka yi da hannunka. Tayarod ma, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, kusurwarsa ta canza, ta yadda duk lokacin da taya ta hau tudu sai ta ɗan juya da kanta ba da izinin sitiyari ba. Mafi muni shi ne wurin motsi. Ƙafar motar gudu tun asali ba ta da sarari mai yawa kafin ta dangana da curin robar da ke tsayar da ita. Ka yanke santimita 4 ko 5 daga ciki, motar ta koma tafiya a kan wannan robar, kuma a lokacin da ta dangana da ita ba ka da sauran ƙafa, ƙarfe ne kawai da taya. Garin neman gira a rasa ido.

Don adalci, akwai lokacin da saukewa ta ceci mota. A 1997 wata mujallar motoci ta Suwidin ta kifar da sabuwar Mercedes A-Class a gwajin kauce wa abin da ya faɗo titi ba zato. Kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya rage mata tsayi, ya ƙara wa ƙafar ƙarfi, ya canza taya, ya sa na'urar hana sulɓewa. Sai dai ka lura, doguwar mota ce ta iyali, kuma an canza abubuwan ne tare, aka gwada, aka sake gwadawa. Haka ma Porsche, da suka so 911 GT3 ta 2021 ta fi ta baya riƙo a gaba, sai suka bar tsarin MacPherson da 911 ta daɗe da shi, suka koma mai hannuwa biyu sama da ƙasa, wato sun sake fasalin ƙafar ɗungurungum. Wannan daban yake da mutum ya yi odar kwali ɗaya ya ɗaura da yamma.

Motocin yanzu kuma sun zo da wani abin da na da ba su da shi. Na'urar hana sulɓewa ta zama dole a sababbin motoci a Amurka tun 2012, a Tarayyar Turai kuma tun 2014. Kwamfutarta tana kwatanta inda sitiyari ya nufa da inda motar ta dosa, ta taka birkin taya ɗaya don daidaita ta, kuma an koya mata halin motar ne da ƙafar asali. Fitilun gaba da kyamarorin da ke taimakon birki su ma an saita su da tsayin asali. Wasu motocin suna da shokobzoba mai canza tauri da kansa. Irin wanda ake kira MagneRide, da ya fara fitowa a Cadillac a 2002 kafin ya shiga Corvette da Ferrari da Audi, ruwan cikinsa na ɗauke da ƙananan ɓurɓushin ƙarfe, maganaɗisu ke sa shi ya yi kauri ko ya saki cikin ƙiftawar ido. Na sha ganin an cire irin wannan an jefar, an sa na araha mai tauri ɗaya, sannan a maƙala wata 'yar na'ura da za ta yaudari kwamfutar don kada fitilar gargaɗi ta kama. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

To me zan ce wa wanda ya zo yana son motarsa ta fi yadda take? Zan fara tambayarsa shekarun motar. Shokobzoba a hankali yake mutuwa, ba ya sallama, bushin na roba kuma yana tsagewa ya saki. Mutum ya saba da lalacewar har ya ɗauka haka motar take. In ya sa sabon kaya na kasuwa ya ji bambanci, sai ya yaba wa kayan, alhali da sababbin na asali ya mayar, da ya sami mafi yawan abin da yake nema. Bayan wannan sai taya. Babu wani abu da za ka ɗaura a ƙarƙashin mota da zai canza riƙo da tazarar tsayawar birki kamar taya mai kyau da iska daidai, sai dai taya ba ta ɗaukar ido a hoto, shi ya sa ake tsallake ta. Sannan alaimen a wurin wanda ya san motocin gudu. Karkatar kan taya ciki da digiri ɗaya ko ɗaya da rabi a gaba kan gyara shan kwana sosai. Abin da ya wuce hankali, irin na hotunan nan, gefen taya kawai ke taɓa ƙasa, ya cinye cikin ɗan lokaci, birki kuma ya rasa abin kamawa.

In duk an yi wannan har yanzu da sauran buri, nan ne zan ce a kashe kuɗin a kan shokobzoba. A nan ingancin yake ɓoye, cikin ƙofofin man da ba a gani. Mai kyau yana iya riƙe bodi da ƙarfi a motsi mai nauyi irin na kwana da birki, ya kuma saki nan take idan taya ta daki rami. Na banza tauri ɗaya ya sani. Kamfanoni irin su Bilstein da KW na Jamus, da Koni na Holan, da Öhlins na Suwidin suna yin kayan da aka auna don mota kaza ƙirar shekara kaza, da sifirin da ya dace da su, kuma abin da za a nema ke nan, saiti guda da aka gwada a kan irin motarka. Saukewar santimita 2 zuwa 3 ta ishi motar titi. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Shi kuwa koyiloba, wato shokobzoba da sifirin a haɗe mai zaren da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke, ba ni da faɗa da shi, da masu sayensa nake. Ana tallarsa da yawan matakan saiti, wai talatin ko fiye, kamar yawan maɓalli shi ne inganci. Nawa ne cikin masu shi suka san bambancin saitin matsewa da na miƙewa? Yawanci a murɗa zuwa ƙarshen tauri a bar shi nan har abada. Kuma mota mai koyiloba tana bukatar a ɗora ta a kan sikeli huɗu a daidaita nauyin kusurwoyinta, in ba haka ba ta riƙa shan kwanar dama daban da ta hagu. Wanda zai yi wannan, ya riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya yana rubutawa a littafi, bismillah. Sandar hana kwanciya mai kauri hanya ce mai sauƙi ta rage tangaɗi, amma tana ɗaure dama da hagu, ramin da taya ɗaya ta faɗa sai ɗayar ta ji. Bushin na ƙarfe zalla da manyan wili masu nauyi kuwa, a bar wa filin tsere da wurin baje koli.

Wani abu da ba a son ji: yini ɗaya a filin koyon tuƙi tare da malami ya fi yawancin waɗannan kayan amfani. Akasarinmu ba mu taɓa kai motar asali iyakarta ba, balle mu ce ta gaza mana.

Na san amsar da za a ba ni: motata ce, kuɗina ne, ina ruwan wani. In a fili mai shinge za ka tuƙa ta, ko a tirela za ka ɗauke ta zuwa wurin nuni, wallahi babu ruwan kowa, ka sauke ta har ta kwanta. Amma titi na kowa ne. Ranar da bayan motata ya kwashe, wanda zai iya tahowa a ɗaya hannun bai zaɓi sifirin tare da ni ba. Haka wanda zai sayi motar hannu na biyu bayan shekara uku, bai san abin da aka yanke ko aka yaudara a ƙarƙashinta ba.

Shi ya sa nake ganin tsarin Jamus ya fi kusa da daidai. Ba su hana gyara ba, kuma ƙasar na cikin manyan masu ƙera irin waɗannan kayan. Abin da suka ce shi ne kayan ya zo da takardar amincewa don wannan motar, a wasu lokutan kuma sai mai binciken motoci da hukuma ta amince da shi, irin kamfanin TÜV, ya duba aikin an shigar da shi cikin takardun mota, in ba haka ba izinin hawa titi na iya faɗuwa. Japan ta sa iyaka, ƙasan mota kada ya gaza santimita 9 daga titi. A Birtaniya wanda ya canza ƙafar mota bai gaya wa kamfanin inshora ba yana iya rasa kariyarsa ranar da ya fi bukatarta. Masu sha'awar motoci suna ƙorafin cewa wannan takura ce da ɓata lokaci, kuma wani lokacin suna da gaskiya, takarda kan yi yawa. Duk da haka na fi son wannan a kan haramci baki ɗaya, wanda zai kori aikin zuwa bayan gida inda ake yanke sifirin da injin yankan ƙarfe ko a gasa shi da wuta don ya gajarce. Na kuma fi son sa a kan sakaci, inda duk abin da ya shiga kwali ana iya ɗaura shi a fita da shi cikin mutane.

Motata ta farko dai na mayar mata da tsayinta saura kaɗan, da shokobzoba da sifirin da aka yi su don juna, da sababbin tayoyi, da alaimen. Ta ci gaba da ɗan kwantawa a kwana, na kuma daina jin haushin hakan. Na koma waccan kwanar sau da yawa, har cikin ruwa, tudun yana nan, ina jin taya ta hau shi ta sauka, bayan motar bai ko motsa ba. Gajerun sifirin ɗin suna cikin kwalinsu a lungun gareji. Sau biyu ana taya su, ban sallama ba.